Baƙin mai da direban Ibohamane

Lokacin duba baƙin mai sananne ne: da safe kafin a tada inji, man ya kwana ya taru a ƙasa. In an yi tafiya, a kashe a jira minti 10. Amma direbobinmu na Ibohamane nasu lokacin daban: sai mota ta turnuƙe da hayaƙi a hanyar Keita, fasinja sun dire suna salati. Nan direba zai tsoma ƙarfen awo a kan gangaren duwatsun Adar, yana rantsuwa jiya-jiya ya zuba. Mota a karkace kuwa ƙarya take yi, ko da ba ta kamo direban ba. Malam direba, nemi shimfiɗaɗɗen wuri bayan asuba, tun kana da inji.