Kowa Yana Ƙofar Nassarawa

Ban san laifin da na yi wa 'yar yayata ba, da har ta sa aka jefa ni guruf ɗin WhatsApp na masu aikin bikinta a makon nan. Hajiya mai tsara biki ce shugaba, sai mai kwalliya, mai hoto, mai abinci, mai kek, mai kujeru da dije. Ni kuma wai aikina sa ido. Na sa har ya yi ja.

Ranar dina, tun la'asar Hajiya ta fara kira. "Mai kujeru, kana ina?" "Ranki ya daɗe, ga ni nan Ƙofar Nassarawa." Mai kek? Ƙofar Nassarawa. Dije gidansa a Hotoro, wurin bikin ma a Hotoro, amma shi ma wai Ƙofar Nassarawa. Mai hoto ya rantse yana kan gadar Ƙofar Nassarawa, alhali ana jiyo shi yana tara ruwan wanka a bokiti.

Mu mun ɗauka don rage cunkoso Kwankwaso ya gina gadar nan, ashe masauki ya yi wa masu aikin biki. Na ba Hajiya shawarar a kwashi amarya da ango a kai su can kawai, tunda abinci da kiɗa da kujeru duk sun hallara. A yanka kek a ƙarƙashin gada, 'yan Adaidaita Sahu su yi liƙi da canji, masu tallar rake su zama abokan ango.

Abin haushin, ranar karɓar kafin alƙalami babu wanda ya maƙale a ko'ina. Wayar kowa na da caji, lambar akawun tana iso ka kafin ka gama sallama. Alat na shiga, sai network ya lalace, yaron shago ya tafi ƙauye, mota ta yi faci. Tsofaffi masu ciwon ƙafa na tsaye a rana don an rasa kujera, kai kuma mai kujeru kana gida kana goge takalmi. Wannan cin amana ne, ko da an yi shi da "in sha Allahu".

Ita ma Hajiyar ba kanwar lasa ba ce. Ba ta rubutu, sai saƙon murya. Ya gida, ya yara, ya zafi, ya mai jiki, ya muka ji da tsadar fetur, sannan labarin wani bikin da ta tsara a Abuja, wanda matar wani babba ta yaba. Ka saurara har shayinka ya huce, ka iske saƙon duka shi ne: "Don Allah ka kira ni." Ka kira, ta ce tana kan wani layin, za ta turo maka saƙon murya.

Iyayen amare, kada ku biya kowa cikon kuɗinsa sai kun ga ƙafarsa a bakin ƙofa. Har da Hajiyar.