Hoto mai motsi a kwamfutar tebur

Hoto mai motsi, wanda ake kira GIF, tarin hotuna ne a fayil guda, masu bin juna da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Kamfanin CompuServe na Amurka ya fito da shi a 1987, kuma kowane hoto a cikinsa ba ya wuce launi 256. Ke nan ya girmi yawancin samarin da ke tura shi ta waya a Keita, Buza da Madawa.

A waya ba ya gardama. Tsiyarsa sai an kai shi tsohuwar kwamfutar buro mai Windows 7. Manhajar duba hotunan da ke cikinta hoton farko kawai take nunawa, sai ɗan kokawar da ya ɗaga abokin karawarsa a cikin hoton ya tsaya cak, kamar jakin da ya ga gulbi. Daga nan a zargi rezo, a zargi ƙurar Adar, a zargi yaron da ya taɓa na'urar jiya.

Maganin kuwa yana cikin kwamfutar tun tuni. A danna fayil ɗin da maɓallin dama, a zaɓi "Ouvrir avec", a buɗe shi da Firefox ko Chrome. Ba a buƙatar intanet ko dala ɗaya. Mai son manhaja ta musamman yana iya ɗaukar IrfanView, kyauta ce ga mai amfanin kansa. Hoto mai motsin da ya fito daga WhatsApp galibi bidiyon MP4 ne da ya ari sunan GIF, shi kuma manhajar VLC ke buɗe shi. Sharaɗin da ya rage ɗaya ne: a samu wutar lantarki.