Ƙeta Cikin Fararen Tufafi

Daga cikin abubuwan al'ajabi da mutanen Ingila suka riƙa domin cinye sauran kwanakin da Allah Ya ara musu, bayan sun yi ritaya, 'ya'ya sun watse, likita kuma ya hana su gudu da tsalle, babu wanda ya kai wasan kuroke ban mamaki, domin a nan ne za ka ga dattijo mai furfura da dattijuwa mai kamala, sanye da fararen tufafi da takalma marasa dunduniya, suna shuka wa juna ƙeta tsagwaronta tun daga hantsi har la'asar sakaliya, alhali ba wanda ya ɗaga murya, ba kuma wanda murmushi ya bar fuskarsa.

Filin wasan tsawonsa yadi 35, faɗinsa yadi 28, an aske ciyawarsa ƙwal, an kafa 'yan ƙofofin ƙarfe shida da turke guda a tsakiya. Ƙwallaye huɗu ne, shuɗiya da baƙa a gefe ɗaya, ja da rawaya a ɗaya gefen, kowace nauyinta laba guda, ana bugunsu da gudumar katako mai doguwar ƙota, wadda mutum kan lilo da ita tsakanin ƙafafunsa ba tare da jin nauyin kowa ba. Ana so kowace ƙwallo ta ratsa kowace ƙofa sau biyu sannan ta daki turke, maki 26 ke nan ga wanda ya riga. Sai dai ƙofar ba ta ɗara ƙwallon faɗi ba sai da kashi ɗaya cikin takwas na inci, a gasar manya ma har a ƙara matse ta, don kada wani ya zaci da wayonsa ya wuce.

To, wurin da ƙetar take shi ne, idan ƙwallonka ta daki ta abokin hamayya, doka ta ba ka iznin ɗaukar taka ka jingina da tasa, ka buge su tare, ka aika tasa duk inda ranka ya so, sannan a ƙara maka wani bugun saboda wannan kyakkyawan aiki. Gwani kuwa, da zarar ya sami shiga, yana iya jan ƙwallayen nan duka daga ƙofa zuwa ƙofa, ya yi rabin sa'a ko fiye bai kuskure ba, yana amfani da dukiyar abokin gaba wajen gina kansa. Shi wancan bawan Allah kuma ladabin wasa ya wajabta masa ya koma bakin fili ya zauna a kujera, ya ɗora bargo a gwiwa idan iskar ƙasarsu ta taso, ya zuba ido ana rusa abin da ya tara, ba tsaki, ba gyaran murya, sai dai addu'ar sharri a ɓoye cikin zuciya. Idan aka gama da shi ya miƙe ya ba da hannu, ya yaba wa wanda ya tozarta shi, shi kuma gwanin ya rantse sa'a ce kawai ta faɗo masa, ya ja shi ya saya masa abin sha kamar yadda al'adar gasa ta tanada. Wanda ya taɓa ganin gaisuwar kishiyoyi ranar suna ya san irin zumar da ke bakin mutanen nan biyu.

A wasannin yau da kullum ba alƙali a fili, 'yan wasa su ne alƙalan kansu, kuma ana sa ran mutum ya tona asirin kansa idan gudumarsa ta taɓa ƙwallo sau biyu. Wannan amana abar yabo ce. Illa dai ta haifar wa kowane kulob fakihinsa, wato wani tsoho da ya haddace littafin dokoki da sharhinsa da sharhin sharhin, wanda wasansa bai kai ya kawo ba, amma idan wani ya ɗaga guduma sama, alamar ana neman mai hukunci, za ka gan shi ya taso da zafin nama irin wanda gwiwoyinsa suka daɗe da mantawa, ya durƙusa, ya kanne ido ɗaya, ya ba da fatawa, ya kuma bi ta da hujjojin da ba wanda ya nema, har shayi ya huce.

Akwai kuma rangwamen da ake yi wa mai rauni idan ya haɗu da gwani, a ba shi ƙarin damar bugu, a kafa 'yan sanduna a bakin fili gwargwadon adadinsa, duk wadda ya ci a zare ta. Saboda haka za ka sami mutum da rana yana kuka wai an rage masa rangwame bisa zalunci, da dare kuma yana bugun ƙirji a gida da wannan ragin, tunda shaida ce ta ya ƙware.

Amma mai karatu kada ya ɗauka mulkin kulob yana hannun shugaba ko sakatare. Mulki na haƙiƙa yana hannun mutum biyu: mai kula da ciyawa, wanda shi kaɗai ke da ikon cewa yau fili ya jiƙe ba wasa, kuma ba a ɗaukaka ƙara daga hukuncinsa, sai baiwar Allah mai riƙe da jadawalin shayi, wadda ta san wanda ya kawo kek ɗin kanti ya ce matarsa ta gasa, da wanda bai taɓa wanke kofi ba tun da ya biya kuɗin shiga. Sabon shiga ana karɓarsa da fara'a mai yawa, domin 'yan kulob suna tsufa, suna kuma bukatar mai ƙarfin tura injin yankan ciyawa da shata farin layi. Ba ya cika wata uku sai ya ga sunansa a kwamiti.

Suna kuma da wani tsohon miki da suke sosawa idan hira ta yi daɗi. Shahararren kulob ɗin nan na Wimbledon a 1868 aka kafa shi domin kuroke, sai aka yi wa tanis masauki, baƙo ya buɗe gasarsa a 1877, a 1882 ya kori mai gida har daga sunan kulob, sai a 1899 aka mayar da sunan, shi ma a baya aka liƙa shi. A wasannin Olamfik kuwa sau ɗaya aka buga shi, a Faris a 1900, Faransawa suka kwashe lambobin duka, kuma an ruwaito cewa mutum guda tak ne ya biya kuɗin kallo, wani Bature ɗan Ingila. 'Yan kuroke kan ba da wannan labari da alfahari, wai alama ce ta wasan ba na gama-garin mutane ba ne.

Babbar fitinar da ta raba kansu a wannan zamani ita ce ta mazhaba. Akwai wani reshe mai sauƙi da ake jingina sunansa da golf, inda kowa ke bugu ɗaya ya ba na gaba, ba zaman kujera, ana gamawa cikin sa'a guda ana raha. Sababbin shiga sun raja'a a kansa, su kuwa ma'abota tsohuwar ɗariƙa suna kallonsa a matsayin bidi'a, ko da yake kuɗin 'yan bidi'ar ne ke sayen takin ciyawa. Abin da ya ƙara wa dattawan takaici shi ne, bayan da aka fara gasar duniya ta wannan reshe a 1996, Misrawa ne suka yi ta lashe ta shekara da shekaru, mutanen da ke narka wa ƙwallo guduma daga nesa da ƙarfin da ke sa 'yan kallo janye ƙafafu. Idan maganar ta taso a taron shekara, wani kan miƙe ya nemi a ware wa kowace mazhaba ranakunta, wani ya ce a kafa ƙaramin kwamiti, shugaba ya dubi agogo ya ɗage batun zuwa baɗi, domin akwai ƙorafin da ya riga shi shiga ajanda, na wanda ya bar butar shayi da ganye a ciki tun ranar Talata.