Jama'ar da ke Kewaye da Ƙwaryar Nono

Daga Tiga zuwa bakin dajin Falgore, duk saniyar da aka tatsa da asuba tana da mutanen da ba su taɓa riƙe hantsarta ba, amma ba sa rasa ta cewa a kanta.

Na gaba-gaba shi ne Maɗanɗani. A Kwanar Ɗangora ake samunsa, yana bin masu nono ƙwarya-ƙwarya. "Inna, ɗan sam mini in ji." Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce wannan ya yi tsami. Na gaba an tsuga masa ruwa, na ukun kuma yana jin ƙamshin madarar gari. Kafin ya kai ƙarshen layi ya karya kumallo, sai ya shafa gemu ya ce kindirmon yanzu ba kamar na da ba.

Sai Alhajin Asabar, ma'aikaci a birnin Kano, wanda ya sayi fili a ƙasar Bebeji don ya ga dam ɗin Tiga da Audu Bako ya gina ba ya ƙafewa. Ya karanta a intanet cewa Turawa na biyan kuɗi mai tsoka a kan madarar saniyar da ta ci ciyawar da ba ta san feshi ko takin zamani ba. Ya zaunar da makiyayinsa Baffa yana koya masa wannan sabon ilimi. Baffa, wanda tun kakanninsa haka ake kiwo, ya ce, "To, Alhaji." Daga nan Alhaji ya raina bunaji, ya sayo saniyar Turai mai baƙi da fari. Nono kam akwai shi, sai dai ba ta son rana, ba ta son kaska, ba ta son tafiya. An yi mata rumfa, an sa mata fanka, ana jiƙa mata dusa. Direbansa ya rantse ko uwargida ba ta samun wannan gata.

Akwai Likitan Ranar Kasuwa, mai jaka ɗaya da sirinji ɗaya. A wurinsa cuta biyu ce a duniya, hanta da sammore. Ba ya gaya wa kowa cewa saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta sai an bar nononta na wasu kwanaki. Idan kindirmo ya ƙi kwanciya, shi ne kan gaba wajen cewa baki ne ya kama garken.

Manomin masara na Doguwa da Tudun Wada fuska biyu gare shi. Da rani, yana son taki: "Ardo, gonar ai taka ce, a kwana a ciki." Da damina kuwa, maraƙi ya kalli kunya ɗaya, an tafi gaban dagaci.

Kada a manta da Mai Labari. Tun da Ganduje ya ƙaddamar da rugar Ɗansoshiya a Kiru a 2020, shi ya san wanda zai samu gida da wanda ba zai samu ba. Ko akuya ba shi da ita.

Amma wanda masu nono suka fi tsoro shi ne Mai Fara'a. Ba ya kushe, ba ya neman ragi. Ya sa a dama masa fura biyu, a ƙara man shanu curi uku na gida, ya tambayi lafiyar Baffa da maruƙa. In aka zo biya, sai ya laluba aljihu ya ce, "Inna, sai ran kasuwa." Ba ya faɗin wacce kasuwar.