Barcin Na'ura a Gonar Kawu

Bakina ne ya ja mini. Na dawo gida Dandin Mahe da takardar difloma a jaka, muna cin tuwo a zauren Kawu sai na ji kaina ina alkawarin haɗa masa na'urar da za ta yi gadin albasarsa a fadama: ta ɗanɗani ƙasa, in ta bushe ta turo masa saƙo a waya. Kawu ya ajiye loma ya dube ni. "Mi za ta ci?" Na ce wuta 'yar kaɗan, caji ɗaya wata guda. Tun daga ranar sunana ya koma Injiniya, ba kuma don yabo ba.

Wata gudan nan ba tsintarsa na yi ba, lissafi ne. Allon Arduino Uno gare ni, ƙwaƙwalwarsa ATmega328P, na ƙiyasta cinta a miliamfiya 15. Na sayo fawa-banki a Sakkwato, jikinsa an rubuta 10,000 mAh. Raba 10,000 gida 15, awa 666 ke nan, kwana 27 da 'yan kai. Na cika su talatin don daɗin faɗi. Na zuba kayan a tsohuwar robar fenti, na sa layin waya, na kafa ta a bakin fangali, yara na kallo kamar an kawo majigi.

Abin da na manta shi ne ɗan allon da ke riƙe da layin. In zai aika saƙo yakan fizgi wuta har amfiya 2 na ɗan ƙiftawar ido. Da ya fizga sai ƙarfin wutar ya faɗi, Arduino ya suma, ya farfaɗo ya manta ya riga ya yi aike, ya sake. Ni kuwa saboda ladabi na tsara saƙon ya fara da gaisuwa. Tun ƙarfe biyun dare wayar Kawu ke ƙara: "Salamu alaikum Kawu, ƙasa ta bushe." Ya amsa ta farko da baki. Bayan ta goma ya ɗauki tocila ya tafi fadama, ya tarar da ƙasa jiƙe sharkaf, akuya ta tumɓuke ma'aunin danshin ƙasar tana tauna wayarsa. Kafin asuba katin da na sa ya ƙare, shi ne kawai ya ceci barcin gidan.

"Injiniya," in ji shi da safe, "wanga abu naka shina kwana kuwa?"

Ba ya kwana, nan ne ciwon. Ko kwana biyu ba a cika ba ya mutu murus. Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in fara da shi, na aro mita na auna. Allon yana shan kusan miliamfiya 50, don ban da ƙwaƙwalwar akwai wata ƙarama mai kula da USB, ga koriyar fitila da ke ci dare da rana ba mai kallo sai sauro. Ita ma 10,000 ɗin a bolt 3.7 ake ƙirga ta, kafin a ɗaga ta zuwa bolt 5 ta koma 7,400, a hanya ma wani kaso ya tafi a zafi. Duk da haka lissafi ya ƙi fita, sai na ɓalle fawa-bankin. Batir uku ne a ciki, ɗaya na gaske, biyu cike da yashi. Na fito auna ƙasa, ashe ƙasar ta riga ni shiga ciki.

Na yi zuciya. Na sayo fawa-banki na kirki mai baki biyu, na koma ƙaramin allo, Pro Mini, na ɓamɓare fitilarsa, na koya masa barci: ya leƙo duk bayan daƙiƙa 8, ya koma, ba zai taɓa ƙasa ba sai awa ta cika. Ci ya sauko ƙasa da miliamfiya ɗaya. Sai dai fawa-banki yana da tasa ɗabi'a: in ya ji abin da ake ja ya yi ƙanƙanta, sai ya ɗauka ba kowa, ya kashe kansa. Na'urata ta iya barci har mai ciyar da ita ya manta da ita.

Abin mamaki, kullum da hantsi saƙo na zuwa daidai. Na laɓe bayan dogon yaro, sai ga autan Kawu ya buɗe roba ya maƙala wayarsa a ɗaya bakin. Na yi masa tatas, ya daina, saƙo ma ya daina. Ashe cajin ɓarawon ne ke tayar da fawa-bankin.

Kawu ya saurari bayanina har ƙarshe, ya tsuguna ya luma yatsa a fangali, ya ce gobe za a ba da ruwa. Sannan ya juya ga auta: "Kai, je ka sa wayarka. Injiniya na son aikinai ya tashi."