Matacce Ba Ya Tuba, Alhaji

Tun ranar da na rubuta cewa ɗan ƙwaya majinyaci ne kafin ya zama mai laifi, wayata ba ta huta ba. Wani Alhaji daga Tudun Wada a Gusau ya kira ni bayan sallar asuba, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce: "Malam, kai ma mi kake sha?" Na ce shayi, ranka ya daɗe. Ya ce wagga magana ba ta mai shan shayi ba ce. Wani malamin makaranta daga Tsafe ya aiko da saƙo mai tsawon rawani, wai na zama karen farautar Turawa. Na Bungudu kuwa bai ɓata yawunsa ba, kalma uku ya rubuto: "Bulala ce magani."

Duk na ji. Ku gyara zama.

Alhaji, da na ji muryarka na san akwai goro a kumatunka. Ranar da ka rasa shi, iyalinka sun san halin da gida ke shiga: hamma, ciwon kai, faɗa har da kaji. Ban ce goro da tiramol ɗaya ba ne, kada ka kai ni gaban Hisba. Cewa na yi ka san yadda jiki ke sabawa da abu har ya riƙa bin mutum bashi. To ka ninka wannan sau ɗari, ka ɗora wa yaro ɗan shekara sha bakwai.

Mai bulala, zo nan. A Gusau aka ƙaddamar da shari'a ranar 27 ga Oktoba, 1999, kafin kowace jiha, aka rufe mashaya. Giya ta ɓuya, amma maye sai ya sauya riga. Giya tana da wari, ƙwaya ba ta da shi. Ana iya haɗiye ta a sahun gaba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun taɓa kayan maye a cikin shekara guda. A Arewa maso Yamma kashi 12 ne, wajen mutum miliyan 3. Kuma duk cikin mutum huɗu, ɗaya mace ce. Mace, Alhaji. Ba a tasha take sha ba, a bayan labule ne, cikin kwalbar lemo, ranar kamu ko ranar da kishiya ta tare. Fatar shanu nawa za ta ishe mu murza bulalar miliyan uku?

A 2018 BBC ta fallasa cinikin maganin tari mai kodin, washegari gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Na yi murna, har gobe ina yi. Sai dai an toshe rami ɗaya, gafiya ta ɓulla ta wani: roci, ekzol, sholisho, sukudai, akurkura, ga zaƙami da ke fitowa kyauta a juji. A Fabrairun 2025 Indiya ta hana haɗa wata sabuwar ƙwaya da ake turo mana a madadin tiramol. Ita ma kafin ku iya sunanta an samo ƙanwarta.

Abin da ba ku so a tambaya shi ne me ya kai su. Ku tsaya a kasuwar Tsafe lokacin kaka, ku dubi ɗan dakon da ke saɓa buhun masara tun hantsi har la'asar. Na taɓa zama kusa da ɗaya a teburin mai shayi. Ya ɓare ƙwaya da haƙori, ya zazzage garin cikin kofi, ya juya da cokali kamar sukari. Na dube shi, ya dube ni, ya ce: "Baba, in ban sha ba bayana ba shi miƙewa." Ƙwayar tiramol da likita ke rubutawa miligiram 50 ce ko 100. Tasa 225 ce. Haka mai haƙar zinari a ramukan Anka da Maru, haka ɗan acaɓa, haka matar da aka kashe mata miji a gabanta, ta gudo Gusau da 'ya'ya biyar, barci ya ƙaurace mata, wani mai kemis ya miƙa mata ƙwayar barci ba tare da takardar likita ba. Na san ɓarayin daji ma suna sha kafin su fito ta'asa. Waɗancan ba su nake nema wa sassauci ba, kada a yi mini ƙazafi.

Ka ce a kai su gidan mari? An gwada. A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Wata mai bi aka buɗe wani a Daura. Ga kuma abin da mai sarƙa bai sani ba: idan aka tsare mutum wata uku, jikinsa yana mance sabon da ya yi. Ranar da ya fito, in ya koma wa adadin da ya saba sha, shi ke iya tsayar masa da numfashi. Sai a ce ajali. Ajali ne mana, amma da hannunmu a ciki.

Yanzu kai, malamin Tsafe, jikan malaman 'Yandoto, kai da ya kamata ka koya mini. Rage wa masu sha illa da kake kira kayan Turawa, ba ka ga ƙa'idarsa a littafin fiƙihu ba, cewa in cuta biyu suka haɗu a ɗauki mai sauƙi? Ba mataki-mataki haramcin giya ya sauka ba? Ba Bukhari ne ya kawo labarin sahabin da aka yi ta kawowa saboda sha, wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana ba? Hukunci ya hau kansa, amma ba a jefar da shi ba. Iran, wadda ke rataye dillalan ƙwaya, ita ce kuma ke raba wa masu sha maganin metadon da sababbin allurai. Na san abin da za ka ce game da Iran, to ga Malesiya, 'yan mazhabar Shafi'i, sun fara tun 2005, har a harabar wani masallaci a Kuwala Lumfur an yi. A nan gida ma an gwada rabon allura mai tsabta a Gombe, Abiya da Oyo a 2020. Dalili a fili yake: samari biyar masu allurar fenta, sirinji ɗaya. In ɗaya na da ƙanjamau ko ciwon hanta, duk sun samu, kuma ɗaya daga cikinsu zai zo neman auren 'yar wani. Wataƙila ɗalibarka.

Inda kuke da gaskiya, kuna da ita. Wanda ɗansa ya sayar da tukunyar uwarsa ya sha, ba wa'azin haƙuri yake son ji ba. Mai kemis ɗin da ke sayar wa yara ƙwaya ta taga da dare, da dilan da ke sauke katan-katan, Janar Buba Marwa da NDLEA su yi ta kamun su, ni zan riƙe musu fitila. Rigimata da ku a kan na ƙasan ce. Shi in abin ya yi nauyi sai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, can gaba da Sakkwato, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya a kan hanyar da ke bi ta ƙofar gidanka, mutumin Bungudu, kuma ka fi ni sanin halinta. Uba nawa ke da kuɗin mota, balle na gado? Wannan ya kamata ku kira 'yan majalisarku a kai, ba ni ba.

Kafin nan ga abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Tiramol mai yawa tana kawo jijjiga kamar farfaɗiya. Ba iskokin dutsen Kwatarkwashi ba ne, kada a cusa masa cokali a baki. In kun tarar da yaro yana wani irin minshari, an girgiza shi bai farka ba, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefe ɗaya, a nemi Keke Napep, a nufi FMC Gusau ko asibiti mafi kusa. Akwai allura mai suna nalokson da ke warware irin wannan suman cikin mintuna. A gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha, ko da maƙwabta za su ji.

Bulalar kuwa a rataye ta tukuna, ba ta ruɓewa. Alhaji, lambata ba ta sauya ba, amma don Allah gobe a bari sai hantsi ya dubi ludayi.