Rabe-raben Masu Neman Hutu a Tsibirin Mafia

Tsibirin Mafia yana cikin Tekun Indiya, daura da inda Kogin Rufiji ya faɗa teku a ƙasar Tanzaniya, kuma da yake bai samu cunkoson otal-otal irin na Zanzibar ba, ya zama matattarar baƙi masu cewa sun gaji da hayaniyar duniya, alhali yawancinsu da tasu hayaniyar suke sauka a Kilindoni, babban garin tsibirin.

Rukunin farko shi ne na mai kaɗaici bisa sharaɗi, wato mutumin da ya biya kuɗin jirgi daga Darussalam domin ya nisanci waya, amma kafin a sauke jakarsa ya tambayi lambar intanet. Yana yabon wurin saboda ci gaba bai ɓata shi ba, sa'annan ya ɗaure fuska idan wuta ta ɗauke ko ruwan wanka ya zo da sanyi, domin a fahimtarsa rashin ci gaba abu ne da ya dace da mazauna gari, ɗakinsa kuwa ya kamata a keɓe shi.

Wanda ya fi shi wahala shi ne mai jadawali, wanda ya rubuta lokacin iyo da lokacin kishingiɗa tun daga gida. Babban abokin gabarsa shi ne cika da janyewar teku, wato hawa da saukar ruwa sau biyu a kowace rana sakamakon jan da wata yake yi masa, abin da a Gaɓar Chole yake iya mayar da wurin iyo filin laka da ciyawar ruwa. Sai a gan shi tsaye da tawul a kafaɗa yana duban agogo, yana neman wanda zai kai wa ƙara, yayin da matuƙin jahazi, jirgin katako mai tafiya da iska, yake amsa masa da cewa za a tashi idan ruwa ya dawo. Wannan amsa, wadda ita ce mafi gaskiya a duk tsibirin, ita ce ta fi ƙona masa rai.

Akwai kuma jarumin baki, wanda ya zo tsakanin Oktoba da Fabrairu domin yin iyo kusa da kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya, wani ɗan dangin shak mai ɗige-ɗige da ba ya cin komai sai ƙananan halittun ruwa. An yi masa wannan bayani sau da dama ya ce ya gamsu, amma da inuwar dabbar ta bayyana, sai ya tuna cewa dole wani ya zauna ya tsare takalman jama'a.

Mai ciniki ba ya buƙatar dogon bayani: yana biyan dalolin shiga gandun kare halittun ruwa da aka kafa a 1995 ba tare da ya yi tari ba, sannan ya shafe rabin sa'a yana neman ragi a kan kwakwa guda.

Mafi haɗari ga tsibirin shi ne mai riƙon sirri, wanda ya taɓa zuwa a baya, saboda haka yake kallon sauran baƙi a matsayin 'yan mamaya. Yana roƙon kowa kada ya bayyana wurin ga duniya, kuma ya riga ya yi wannan roƙo, tare da hotunan kangayen Kua na tsibirin Juani da cikakken kwatancen hanya, ga dukkan mabiyansa a Instagram.